Ranar da Tullio Ya Yi wa Gari Aski

Mijin yayata Tullio wanzami ne, kuma tsakani da Allah ba wanda ya taɓa kuka da askinsa a garinmu Castelvarro. Da ya tsaya a kan aska da almakashi, da ba ni da labarin da zan ba ku. To amma wata shekara aka turo wani farfesa daga birnin Firenze ya gyara tsohon zanen da ke cocin Valdicorno, garin da ke gaba da mu, mutumin nan kuma ya mai da shagon Tullio wurin gyaran gemunsa. Ana shafa masa kumfa yana zuba, Tullio yana kwashewa. Farfesa ya gama aiki ya koma gida, ya bar mana kalmominsa a bakin mijin yayata.

Kalmomin yarenmu ne fa, a cikinsu aka haife mu. Amma in Tullio ya furta su, yana lumshe ido yana haɗa yatsu, sai ka rantse odarsu aka yo daga ƙasar waje. Burodi ya ƙone ta gefe ɗaya, ya ce chiaroscuro ne, wato wasan haske da duhu. Tabarau ɗinsa ya yi hazo, ya ce sfumato. Da ya ajiye aski kuwa abin ya ta'azzara, domin ba aikin fari ba na baƙi, kullum yana shagon kofina da ke bakin dandali yana koya wa mutane sunan abin da suke gani tun suna rarrafe.

Yaya Velia ta gaji. Bara waccan ya gina mata ƙofar lambu mai lanƙwasa irin ta manyan gine-gine, ya tara maƙwabta, ya zare katakon da ya tokare ta, ginin ya rufto a kan akurkin kaji. 'Yarsu da ke aure a birnin Torino kuwa kullum roƙonta take ta koma can ta zauna da jikoki. Ranar kajin, a gabana ta ce masa, "Tullio, na rantse da kabarin mahaifiyarmu, ka sake tara jama'a su yi mini dariya, Torino za ta gan ni." Yaya ba ta maimaita magana. Ni kuma ita kaɗai ta rage mini a garin nan, in ta tafi ban san da wa zan riƙa faɗa ba, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda nake nunawa.

Abin da ya ja mana shi ne motocin 'yan yawon buɗe ido. Kowace rana sai sun ratsa dandalinmu sun wuce Valdicorno kallon zane, ko ruwan sha ba sa tsayawa saye. Wata safiya magajin gari Settimio, mai sanƙon da ke ƙyalli daga nesa, ya tsaya a ƙofar shagona yana bin wata motar da kallo. Ya ce, "Su suna da zane, mu muna da wake." Gaskiyarsa, bikin wake na ƙarshen Agusta shi ne kaɗai abin da muke taƙama da shi.

Tullio ya dire kofinsa, ya nuna bangon tsohon sito da ke fuskantar shagona. "Ba ni bangon can, Settimio. Kafin bikin wake zan yi muku affresco, wato zanen bango, wanda direbobin nan za su taka birki ba tare da an roƙe su ba."

Oreste mahauci ya ce, "Kai ɗin? Kai da ko ƙofar bayan gidanka ba ka taɓa yi wa fenti ba?"

"Wa ya yi maganar fenti? Oreste, kai dai nama ka sani, ka tsaya a nama."

Sai ya miƙe tsaye ya yi mana karatu. Ya ce da farko ana shafa intonaco, kwaɓin farar ƙasa da yashi mai laushi, a yi zanen tun yana ɗanye. Launin sai ya shige cikin bangon su bushe tare, daga nan ruwa ko rana ba mai iya fitar da shi. Shi ya sa gwanayen dā ba sa shafa sai daidai wurin da za su iya zanewa kafin ya bushe, shi ake kira giornata, aikin yini guda, gobe kuma su shafa wani. Abin haushin, duk abin da ya faɗa daidai ne.

Settimio ya ce, "To bangon nan giornata nawa zai ci?"

"Nasu ko nawa? Mutanen dā ragwaye ne, su shafa kamar tafin hannu su tafi gida. Ni bangon gaba ɗaya shi ne giornata ɗina. Ni da na aske 'yan biki kaf a safiya ɗaya, har da uban ango mai rawar kai?"

Da ya tsaya nan da an yi dariya an watse. Sai ya ƙara da cewa ai gwanayen dā sukan saka fuskokin mutanen gari a cikin zane, su zauna a bango har abada. Settimio ya shafa sanƙonsa. Tsohuwa Assunta mai sayar da furanni ta gyara wuyan rigarta. Oreste da ke tsokana yanzun nan ya ce a ƙara wa Tullio kofi, shi zai biya. Daga ranar ba wanda ya sake ce masa wanzami, sai Maestro, wato babban gwani. Da labari ya kai gida Yaya ta sauko da akwatinta daga saman kwaba, ta kakkaɓe ƙura, ta ɗora a kan kujera.

Ranar fara aiki ya kafa sanduna ya rataya tamfol don kada a leƙa. Tun da sassafe ya shafe bangon kaf daga sama har ƙasa, sanye da farar rigarsa ta aski. Kayan aikin ma na aski ne: buroshin shafa kumfa, da 'yan kwanonin da ya kwaɓa launi a ciki. Da na kai masa kofi bayan tamfol na tarar Yaya ta riga ni. Tana ƙasan tsani ta ɗaga yatsa, yana can sama.

"Sauko ka bar shirmen nan tun ba a gani ba."

"Tsaya haka, Velia, kar ki motsa."

"Ni kake ce wa kar in motsa? A gidanka na motsa ne da nake ta haƙuri?"

"Yauwa, ci gaba."

Tana faɗa yana kallonta yana zane, hannunsa na gudu kamar ba shi ba. Ta ɗauka banza ya yi da ita, ta juya ta tafi ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ni na ɗaga, na ga ya zana ta can a kusurwar sama, da yatsan da komai. Ya ce gwada hannu kawai yake yi, in rufa masa asiri.

Ana haka ƙararrawar coci ta buga tsakar rana, sai ga Settimio da kansa, wai matarsa ta shirya tebur saboda Maestro. A garinmu kana iya ƙin amsa gaisuwar mutum ya haƙura, amma ka ƙi teburinsa, har jikokinku sai sun gaji gabar. Tullio ya fara wanke hannu.

Na ce, "Mijin Yaya, intonaco ɗinka fa?"

"Zai jira. Ya san ni."

Aka ci taliya, aka ci zomo, aka kawo cuku, aka bi da ruwan inabi da kofi. Bayan irin wannan kuwa ba mutumin kirkin da ke komawa aiki bai ɗan kishingiɗa ba. Duk wannan lokacin ranar Agusta tana dukan bango ta bayan tamfol. Da ya dawo da yamma yana sakace haƙori, na ƙwanƙwasa masa shafen da ɗan yatsa, ya amsa ƙwas kamar faranti.

Ko a jikinsa. Ya zaro 'yar kwalbar da yake fesa wa kan mutane ruwa, ya shiga fesa wa bango. "Bango kamar gashi yake, Nedda. In ya bushe sai a jiƙa." Bangon ya shanye ruwan kafin ya sauke hannu. Ya shafa launi, da ya bushe na taɓa, sai ga shi a yatsana kamar hoda. Ya tattara kwanoninsa ya tafi gida. Washegari sai ga shi da fara'a da kwalin sabulun aski a hammata, ya ce da shi zai kwaɓa launin, abin da ya iya kama kuncin mutum ai zai kama bango.

Na ce, "Farfesan ne ya gaya maka haka?"

"Farfesa bai kai nan a karatunsa ba."

Kuma launin ya zauna, har da sheƙi. Daga nan fa gayyata ta ɓarke. Yau gidan Oreste, gobe gidan Assunta, jibi gidan wanda ko gaisawa ba sa yi. Kowa ya ciyar da shi sai ya faɗi bukatarsa kafin a kawo kofi. Settimio yana son gashi, baƙi, mai yawa, a kuma ƙara masa tsawo. Assunta tana son ta fito kamar ranar aurenta, da kyanwarta a hannu, amma ban da marigayi mijinta, ta ce ya ishe ta a duniya. Oreste ya ce lallai shi ne kusa da magajin gari. A wurin kuwa Tullio ya riga ya zana jaki ɗauke da buhun wake, sai kawai ya ɗora Oreste a kansa, ya rufe jakin da farar rigar mahauta.

Na ce, "Wannan kuma me sunansa?"

"Pentimento. In mai zane ya sake shawara ya rufe na farko. Duk manya sun yi."

Da wannan pentimento ɗin ya hau tsani ya rufe Yaya da wani ƙaton farin gajimare, domin ya tabbata in ta ga kanta a bango tana masifa, shi da gidan sai kallo. Maɓallin rigarsa na ciki ya tsinke saboda ƙiba. Yaya kuwa tana dafa nata ita kaɗai, ba ta bi shi gidan kowa ba. Akwatin ya bar kujera ya koma soro, daga soro ya matsa bakin ƙofa.

Ana gobe biki na tare shi bayan tamfol. Na ce, "Mijin Yaya, ka bar wasa. Kai ka koya mana da bakinka cewa abin da ba a zana a ɗanye ba, ba ya zama. Je ka gaya wa Settimio gaskiya tun da sauran mutunci. Akwati yana bakin ƙofa."

Ya kalli bangon, ya kalli sama. Na ga tsoro a idonsa, ba zan ɓoye ba, har ya ba ni tausayi. Sai ya gyara kwalar riga ya ce, "Nedda, yaushe rabon da ki ga ruwa ranar bikin wake?"

Ranar biki dandali ya cika. Manyan tukwanen wake suna tafasa, 'yan badujala sun sha guga, Settimio ya roƙi wani direba har ya yarda ya tsaya da motarsa cike da baƙi masu huluna da kyamarori. Yaya ta zo da baƙar rigarta ta zuwa coci, ta tsaya gefena ta harɗe hannu. Tullio ya hau kan akwatin katako ya fara jawabi. Ya faro daga farar ƙasa, ya bi ta kan yashi, ya shiga tarihin buroshi. Iska ta taso, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga bayan tsauni. Settimio ya ja masa ƙafar wando ya ce, "Maestro, a taƙaita." Ya ce ai yanzu ya zo kan chiaroscuro.

Da ƙyar aka ja igiya, tamfol ya faɗi. Jama'a suka shiga neman kansu a bango.

Oreste ya ce, "Wancan dankalin mai farar riga wane ne?"

"Kai ne."

"Ina idona ɗaya?"

"Sfumato ne, ya narke cikin inuwa. Matsa baya ka gani."

Oreste ya matsa baya har ya kusa faɗawa tukunyar wake, ido bai fito ba. Assunta ta tambayi dalilin da kyanwarta take da ƙafa biyar, ya ce motsi take yi. Settimio dai ya gamsu, yana kallon gashinsa yana murmushi. Sai ɗigon farko ya sauka a kan sanƙonsa na gaske. Ya ce a yi maza a mayar da tamfol.

Nan ne Allah ya ba Tullio dama ta ƙarshe, ya sa ƙafa ya shure ta. Baƙi suna kallo, kyamarori sun ɗago. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Kada wanda ya taɓa tamfol ɗin nan. Affresco ba ya tsoron ruwa. Na Valdicorno ma a ƙarƙashin rufi ya ɓuya, namu a fili yake."

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Da farko ba abin da ya faru, har na fara jan numfashi. Sai bangon ya fara kumfa. Ƙamshin shagon aski ya gauraye dandali, ya danne na wake. Gashin Settimio ne ya fara tafiya, ya sulalo ta kunne ya gangara kafaɗa, wani daga baya ya ce wannan karo na biyu ke nan da ya rasa shi. Assunta ta tsufa a gaban idonmu, ta zube tare da kyanwar. Rigar Oreste ta wanke, kunnuwan jaki suka ɓullo ta saman kansa, suka ɗan tsaya kowa ya gani da kyau, sannan su ma suka bi ruwa. Matar Oreste ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Mai busa ƙaho ya kasa busawa. Baƙi suna ta ɗaukar hoto a ƙarƙashin laima, sun ɗauka haka muke yi kowace shekara.

Tullio ya ruga da laima ɗaya zai kare bango guda, santsin kumfa ya kwashe shi ya zauna daɓas a cikin kwata mai launi bakwai. Oreste ya sunkuyo kansa ya ce, "Maestro, wannan kuma me sunansa?" A karon farko tun tafiyar farfesa, Tullio ya rasa sunan da zai ba abu.

Na juya na ga Yaya ta kama hanyar gida, ruwa na dukanta, bayanta a miƙe. Na san inda ta nufa. Na bi ta na riƙe hannunta. Sai na ji dariyar ta yanke a bayanmu.

Gajimaren nan ya wanke. Bango ya koma fari fat daga wannan gefe zuwa wancan, sai kusurwar sama kaɗai, inda aka zana tun shafen yana ɗanye. Ga Yaya Velia can, ta haɗe gira, baki a buɗe, yatsa a sama, ruwa na zuba a kanta launin sai ƙara fitowa yake. Hancin ya karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya. Amma ba wanda ya tambayi wace ce. Assunta ta ce a hankali, "Ai har muryarta nake ji."

Yaya ta dawo ta tsaya a ƙasan bangon ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Goge shi."

Tullio yana zaune a cikin kumfa ya ce, "Ba ya goguwa, Velia. Ya shiga bango."

Ba ta yarda ba. Ta sa aka kafa tsani, Oreste ya hau da buroshin wanke teburin nama, ya dirza har ya gaji. Ko girar ba ta motsa ba.

Ta ce, "Duk garin nan ka ci abincinsu ka mai da su dankali. Ni da ban ba ka ko lomar burodi ba, don me na fito?"

Na jira in ji wata kalmar farfesa. Ya share kumfa daga fuska ya ce, "Su sai na yi ta tunani. Ke hannuna ya riga ya san ki."

Yaya ta kawar da kai. Ta ce, "Hancina ba haka yake ba."

"Zan gyara."

"Ka taɓa shi in karya maka hannun. Tashi ka wuce gida, kana ɗiga kamar tsumma."

Da yamma na je gidansu. Akwati ba ya bakin ƙofa, ba ya soro. Na tarar da ita a ɗakin girki tana zuba masa wake mai zafi, shi kuma ya lulluɓa da bargo yana atishawa. Na ce, "Yaya, Torino fa?"

Ta ce, "In tafi in bar wancan hancin? A riƙa nuna wa baƙi ana cewa haka nake? Ina nan, duk mai son gani ya kwatanta."

Yanzu motocin sukan tsaya, ba duka ba, amma ana sayen kofi. Settimio ya hana a sake shafa komai a bangon. Yaya takan fito da kujerarta ta zauna a ƙasan zanen tana ɓare wake, ta ɗan juya gefe don a ga hancin gaskiya. Tullio kuwa bai daddara ba. Da baƙi sun sauko sai ya gyara kwala, ya lumshe ido, ya haɗa yatsu, ya ce, "Wannan shi ake kira giornata, ni da kaina..."

Sai Yaya ta ɗaga yatsa. Baƙi su kalli sama, su kalli ƙasa. Shi kuma ya ja kujera ya zauna ya taya ta ɓarar wake.